Flutter ko React Native? Amsa ga mai gina wa dilan taki manhaja a Gusau

Wani matashi da ya gama karatun kimiyyar kwamfuta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda ya aiko da tambaya. Wani Alhaji mai sayar da taki da iri da maganin feshi a Gusau ya ba shi aikin gina manhajar waya. Alhajin yana da wakilai a Talatar Mafara da Maradun da Ƙaura, suna ba manoma kaya bashi zuwa kaka, kuma har yau a littafi ake rubuta komai. Wakilan duk Android ke hannunsu, Alhaji da babban ɗansa kuma iPhone suke riƙewa. Mai tambayar ya taɓa yarukan rubuta manhaja na Java da PHP a makaranta, kwamfutarsa mai RAM 8GB ce, ba shi da Mac. Yana so ya san wanne zai koya cikin kayan gina manhajar waya, wato Flutter da React Native da Kotlin, kuma wani ya yi masa maganar .NET MAUI.

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa ka fara a sa'a.

Shawarata ita ce ka koyi Flutter, ka fitar da manhajar wakilai a Android kaɗai, Alhaji kuma ka yi masa shafin intanet da PHP ɗin da ka riga ka iya. Ga dalilaina, domin idan wani abu a cikinsu bai dace da halin da kake ciki ba, ka san inda za ka sauya.

Fara da ƙirga wayoyin. Amfanin Flutter da React Native da .NET MAUI shi ne mutum ya rubuta kod, wato umarnin da manhaja ke bi, sau ɗaya, ya fita a Android ya fita a iPhone. To a aikinka mutum nawa ne masu iPhone? Biyu. Kuma su biyun ba za su tsaya a rana suna shigar da sunan manomi da yawan buhu ba. Abin da Alhaji ke so shi ne bayan la'asar ya buɗe waya ya ga buhun NPK nawa ya fita daga hannun wakilin Mafara, yuriya nawa ya rage a sito, wa ya biya, wa bai biya ba. Wannan shafin intanet zai yi shi sarai. Ka buɗe masa a Safari, manhajar shiga intanet ta iPhone, ka ɗora masa alamar shafin a fuskar wayar kusa da WhatsApp, shi ke nan.

Dubi abin da za ka kashe idan ka nace sai ka yi musu manhajar iPhone ta gaske. Xcode, wato kayan aikin Apple da ake haɗa manhajar iPhone da shi, a kan Mac kawai yake aiki. Rajistar mai gina manhaja a wurin Apple dala 99 ce kowace shekara, alhali ta Google Play dala 25 ce sau ɗaya. Akwai kamfanoni irin su Codemagic da Expo da za su haɗa maka manhajar a kan Mac ɗinsu ta intanet, kuma suna aiki, amma duk ranar da wani abu ya lalace a wayar Alhaji za ka zauna kana lalube ba iPhone a hannunka. Idan ka ce ta TestFlight, hanyar Apple ta raba manhajar gwaji, za ka ba su, kowane kwafi da ka ɗora kwana 90 yake yi ya daina buɗewa. Duk wannan ɗawainiya saboda mutum biyu da lissafi kawai za su duba.

Za ka ce, tunda Android ce kaɗai, me ya hana ni yin Kotlin zalla? Ba abin da ya hana, kuma ba zan ce ka yi kuskure ba idan ka bi nan. Tun 2019 Google ya ce Kotlin ne yaren da ya fi so a gina manhajar Android da shi, kuma wanda ya san Java zai shige shi ba wahala. Manhajar da aka yi da shi ta fi ƙanƙanta, tana magana da Bluetooth da kamara da sauran sassan waya kai tsaye ba mai shiga tsakani. Abin da ya sa na kauce masa shi ne ba wannan ne aikinka na ƙarshe ba. Gobe makaranta mai zaman kanta ce za ta neme ka, ko wani asibiti, inda masu iPhone ba biyu ba ne. Akwai Kotlin Multiplatform na kamfanin JetBrains, wanda aka ayyana ya kammalu a Nuwamban 2023, kuma ɓangarensa na zana fuskar manhaja a iPhone ya kai wannan matsayi a Mayun 2025. Abu ne mai kyau, manyan kamfanoni suna amfani da shi. Sai dai darussa da shiryayyun fakitocinsa, wato kod ɗin da wasu suka riga suka rubuta don a ɗauka a yi amfani da shi, ba su kai na Flutter da React Native yawa ba, kuma ya fi dacewa da wanda ya riga ya goge a Android. Ga mai koyo shi kaɗai, wanda ke lissafin data kafin ya buɗe bidiyo, da saura.

.NET MAUI kuwa na masu yaren C# ne. Idan ba ka iya C# ba, ba ka da dalilin zuwa can. Shi ne ya gaji Xamarin, wanda Microsoft ya saya a 2016 ya kuma daina kula da shi ranar 1 ga Mayun 2024. Haka Adobe ya rufe PhoneGap a 2020. Na kawo waɗannan ne don ka san duk kayan aikin da ka zaɓa a hannun wani kamfani yake, kuma kamfani yana iya juya baya. Flutter na Google ne, React Native na Meta ne, mai Facebook. Abin da ke ɗan kwantar da hankali shi ne kod ɗin su biyun a buɗe yake ga kowa, kuma jama'ar da suka dogara da su suna da yawa.

Saura su biyun. Bambancinsu na asali yana wajen yadda suke zana abin da ido ke gani. React Native ya fito a 2015, ana rubuta shi da JavaScript ko TypeScript, kuma idan ka ce a sa maɓalli, sai ya umarci wayar ta sa nata maɓallin. Flutter ya kai zubi na 1.0 a Disamban 2018, ana rubuta shi da Dart, kuma shi ba ya roƙon waya komai: fili kawai yake karɓa ya zana maɓallin da rubutun da komai da injinsa, da Skia a da, yanzu da Impeller. Kamar magina biyu ne, ɗaya yana aiki da bulon da ya tarar a gidan, ɗaya kuma da nasa yake zuwa. Na farko gininsa ya fi kama da sauran ɗakunan gidan, na biyu kuwa duk gidan da ya je abu iri ɗaya zai fitar. A wurinka wannan na biyun ya fi amfani, domin wayoyin wakilan nan Tecno ne da itel da Infinix da tsohuwar Samsung, kowace da zubin Android ɗinta, kuma kana so idan ka ce wa wakili ta waya "danna koren nan na ƙasa", ya zama koren yana ƙasa a wayarsa.

Tsohuwar sukar da ake yi wa React Native, cewa yana da nauyi saboda gadar da ke tsakanin JavaScript da wayar, ta tsufa. Sun kawo injin Hermes don wayoyi marasa ƙarfi, kuma daga zubi na 0.76 a Oktoban 2024 sabon tsarin da ya kawar da waccan gadar ya zama shi ne na kowa. Za ka ci karo da masu kawo maka labarin Airbnb da ya bar React Native a 2018. Gaskiya ne. Shopify kuma ya rungume shi a 2020. Google Pay da manhajar motocin BMW da Flutter aka yi su. Babu ɗaya daga cikin kamfanonin nan da ke da wakili a Maradun, don haka kar ka bari sunayensu su yanke maka hukunci. A manhajar da aikinta cike fom ne da nuna jerin sunaye, ba wanda zai riƙe waya ya gane da wanne aka yi ta.

Abin da ya karkata ni ga Flutter a kanka shi ne Java ɗin da ka yi. Dart da Java 'yan gida ɗaya ne a fasali, kana buɗe kod ɗin za ka ga abubuwan da ka saba. React Native kuwa sai ka koyi JavaScript da kyau, sannan React, tsarin da aka gina shi a kai, sannan shi kansa, kuma kowane ɓangare na aikin sai ka zaɓo fakiti daga cikin da yawa. Flutter yana zuwa da mafi yawan kayansa a haɗe. Amma da ka ce min ka iya JavaScript, ko burinka nan gaba aikin shafukan intanet ne da kamfanonin Legas ko na waje, da React Native tare da Expo, kayan da ke sauƙaƙa aiki da shi, zan ce maka ba tare da jinkiri ba, domin guraben aikin JavaScript sun fi na Dart yawa nesa ba kusa ba. (Af, Flutterwave da ake biyan kuɗi ta cikinsa ba shi da alaƙa da Flutter, kamfanin biyan kuɗi ne daban.)

Kwamfutarka za ta iya, amma kar ka matsa mata. Android Studio, kayan aikin Google na gina manhajar Android, da wayar gwajin da yake kunnawa a cikin kwamfuta za su cinye 8GB ɗin nan, fanka ta yi ta kuka, batir ya ƙare kafin a dawo da wuta. Ka saka Android Studio don kayan haɗa manhajar, ka riƙa rubutu a manhajar rubuta kod ta VS Code, gwaji kuma ka yi a waya ta gaske. Shiga saitin wayar, nemo inda aka rubuta Build number, danna shi sau bakwai, sai ɓangaren masu gina manhaja ya buɗe, ka kunna USB debugging ka jona ta da kebul. Ranar farko da za ka haɗa manhaja, Gradle, injin da ke haɗa ta, zai sauke kaya masu nauyi, saboda haka ka yi wannan inda sabis ke da ƙarfi kuma da data isasshiya. Bayan nan mafi yawan aikin ba ya buƙatar intanet, kuma duk gyaran da ka yi a fuskar manhajar za ka gan shi a wayar nan take.

Yanzu ga abin da ya fi zaɓen yare muhimmanci, wanda ba ka tambaya ba.

Kai ɗan Zamfara ne, ba sai na tuna maka farkon Satumban 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a jihar baki ɗaya saboda matsalar tsaro, mutane suka riƙa fita jihar don su yi kira ko su tura kuɗi, wasu yankunan kuma suka daɗe kafin a buɗe musu. Ko ba wannan, ka san yadda sabis yake da zarar an bar bakin titi. Darussan da za ka kalla a YouTube kusan duka an yi su ne da tunanin intanet na nan kullum: a danna maɓalli, a aika wa saba, wato kwamfutar da ke tara bayanai a intanet, a jira amsa. Idan ka gina wa Alhaji irin wannan, mako biyu wakilai za su koma littafi.

Ka ɗauka ranar Talata ce a kasuwar Mafara. Wakili yana tsaye a bakin shago, manoma huɗu suna jiransa, mai kura ya riga ya ɗora buhu uku. Ya rubuta sunan manomi, ya danna "Ajiye", sai wata da'ira ta kama juyawa a allon. Ya jira, ya sake dannawa, ya sake. Can sabis ya dawo, duka ukun suka tafi. Manomin da ya karɓi buhu uku, lissafin Alhaji ya nuna tara. Ranar biya da kaka za a yi rantse-rantse, kuma sunanka za a kira.

Maganin wannan a tsarin gini yake, ko da wane yare ka yi. Duk abin da wakili ya shigar ya fara zama a cikin wayarsa, a rumbun bayanai na SQLite. A Flutter akwai fakitin Drift ko sqflite, a Expo akwai expo-sqlite, a Kotlin akwai Room. Da ya danna, wayar ta ajiye ta ce masa an ajiye, ba ruwanta da sabis. Kowace shigarwa wayar ce za ta ba ta lambarta ta musamman, irin wadda ake kira UUID, ta yadda ko sau goma aka tura ta, saba za ta gane abu ɗaya ne ta karɓi guda. Sannan kar ka ajiye "bashin wane naira kaza" a matsayin lamba ɗaya da ake gogewa ana sake rubutawa. Ka ajiye abin da ya faru: ranar kaza ya karɓi buhu uku, ranar kaza ya biya kaza. Jimilla kuma a riƙa lissafa ta daga waɗannan. Idan an yi kuskure, a shigar da gyara a sabon layi, kar a goge tsohon. Da haka ko wayoyi biyu sun yi kwana uku ba su ga juna ba, ranar da suka haɗu da saba ba wanda zai danne aikin wani, kuma Alhaji zai iya bin sawun kowane buhu. Kuɗi kuma ka riƙe su a kwabo da cikakkiyar lamba, domin lamba mai ɗigo tana kawo 'yan kurakuran da ke taruwa.

Firestore, rumbun bayanai na Google da ke cikin Firebase, yana yi maka wani ɓangare na wannan da kansa, yana ajiyewa a waya ya tura daga baya. Yana da sauƙin farawa. Sai dai idan amfani ya wuce na kyauta da dala ake biya, kuma fitar da rahoton lissafi daga cikinsa ya fi wuya a kan MySQL, rumbun bayanan da aka saba haɗawa da PHP. Tunda ka iya PHP, kuma dama za ka yi wa Alhaji shafi, ni da na bar bayanan a MySQL na rubuta hanyar turawa da hannuna.

Kar ka dogara da cewa manhajar za ta riƙa turawa da kanta a ɓoye. Wayoyi masu arha da yawa suna kashe duk manhajar da ba a buɗe take ba don tattalin batir, ko da ka bi duk ƙa'idar Android. Ka sa babban maɓalli mai cewa "Tura", a gefensa a rubuta adadin shigarwar da ba ta tafi ba. Wakili yana ganin 14 ya san idan ya hau titi akwai abin yi.

Sai maganar wayoyin kansu. Ka nemi wakilin da wayarsa ta fi ta kowa rauni, irin mai RAM 2GB da ke kan Android Go, allon ya tsage, ma'ajiyarta cike da bidiyon wa'azi da na biki. Ita ce ma'auninka. Idan za ka fitar da APK, wato fayil ɗin da ake saka manhaja a wayar Android da shi, a Flutter, ka raba shi gida-gida da umarnin split-per-abi, domin kowace waya ta ɗauki nata kason kawai, nauyin ya ragu sosai. Ka lura da yawa daga ƙananan wayoyin nan fayil ɗin armeabi-v7a suke karɓa, na arm64 ba zai hau ba. Hoton manomi ko na rasit ka matse shi kafin ka ajiye.

Ba lallai ka fara da Play Store ba. Sabon asusun mutum ɗaya a Google Play sai ya yi gwaji da mutum 12 na kwana 14 a jere kafin a bar shi ya saki manhaja ga jama'a, kuma kowace shekara Google na ɗaga zubin Android da dole sabuntawarka ta dace da shi. Ga wakilai 'yan ƙalilan, ka tura musu APK ta WhatsApp ko Xender. Amma ka kula da abu ɗaya kamar ranka: makullin da ka sa wa manhajar hannu da shi, wato fayil ɗin keystore da kalmar sirrinsa. Idan ya ɓata, sabon zubin da za ka fitar ba zai hau kan tsohon ba, sai an cire tsohon, kuma cirewar za ta tafi da duk bayanan da ba a tura ba. Ka ajiye shi wuri biyu da ba cikin kwamfutarka ba.

Fuskar manhajar da Hausa za ka yi ta, ina fata. Ka gwada salon rubutun da ka zaɓa da ƙ da ɗ da ɓ tun ranar farko, domin da yawa daga masu kyan gani ba su da su, sai ka ga harafin ya fito da wani fasali daban ko akwati. Noto Sans yana da su. Wajen bincike kuma ka sa manhajar ta ɗauki k da ƙ, d da ɗ, b da ɓ a matsayin ɗaya, saboda wakili zai rubuta "Danladi" yana neman "Ɗanladi". Kuma a ƙauye ɗaya za ka samu masu suna iri ɗaya biyar, don haka ka tanadi gurbin sunan uba da ƙauye da laƙabi. Tunda sunayen mutane da lambobinsu da bashinsu za ka tara, ka tuna akwai dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023. Mafi ƙaranci ka sa lambar sirri kafin a buɗe manhajar, kuma kowane wakili manomansa kawai zai gani.

Kafin ka kafe a kan Flutter, yi wannan gwajin. A duk aikin nan, wurin da kayan aiki irin su Flutter da React Native suka fi ba mutum kunya shi ne inda za su taɓa wata na'ura, a nan kuwa ita ce ƙaramar firintar rasit mai Bluetooth, irin ta masu POS. Manomi yana son takarda a hannu, kuma Alhaji zai tambaye ka ita ko ba yau ba. Fakitocin da ke magana da waɗannan firintoci ba Google ko Meta ne suka rubuta su ba, mutane ne masu sa kai, wani ana kula da shi, wani an yi shekaru ba a taɓa shi ba. Ka shiga pub.dev, shafin fakitocin Flutter, ka duba yaushe aka sabunta fakitin, ka karanta ƙorafin da aka shigar a GitHub ɗinsa, shafin da kod ɗinsa yake, ka ga ko ana amsawa. A ɓangaren React Native ma Expo Go, wadda ake gwajin farko da ita, ba ta ɗaukar irin wannan fakiti, sai ka haɗa naka zubin gwajin. To ka samo firintar, ka yi 'yar manhaja mai allo ɗaya da za ta karɓi suna da yawan buhu, ta ajiye a SQLite, ta buga rasit mai ɗauke da ƙ da alamar naira, a kan waccan wayar mai tsagaggen allo. Firintocin nan sau da yawa ba su san haruffanmu ba, sai dai a mayar da rasit ɗin hoto a buga shi. Idan Flutter ya yi wannan, ci gaba da shi. Idan ya ƙi bayan ka gwada fakiti biyu ko uku, rubuta ɓangaren firintar kaɗai da Kotlin ka jona shi da Flutter ta hanyar da suka tanada, sauran aikin ya tsaya yadda yake.

Kuɗin firintar, da na wayar gwaji, da na hayar saba na shekara, da abin da za a riƙa ba ka duk wata na kula da manhajar, ka rubuta su a takarda ka kai wa Alhaji tun kafin ku yi maganar ladan ginin.